Zama 10 a hannun likitar gashin ƙashi: abin da ya yi wa wuyana da abin da bai yi ba

Shekara 14 ke nan ina kan keken ɗinki, uku na ƙarshe kuwa na yi su ne da ciwo a gefen dama na wuyana. Ba irin ciwon da ke kwantar da mutum ba ne, shi ya sa ma na daɗe ina raina shi. Da hantsi zan ji kamar an ɗora mini dutse tsakanin wuya da kafaɗa, zuwa la'asar ya haura ƙeya, da dare ya zagayo ta bayan kunne ya zo ya zauna a gefen ido. In an kira ni daga dama, sai na juyo da jikina gaba ɗaya kamar wadda aka ɗaure wa katako. Yarana har sun iya kwaikwayona.

Babu abin da ban gwada ba. Man zafi kala-kala, tsumma da ruwan ɗumi, filo uku na canza, sai kuma ƙwayoyi: daga farasitamol na koma ibuprofen, daga nan diclofenac. Su ne suka fi yi mini aiki, su ne kuma suka fara cin cikina, har likita ya ce in dakata kafin in jawo wa kaina gyambon ciki ko in taɓa ƙoda. Ya sa aka yi mini hoton ƙashi, aka ce ƙasusuwan wuyan sun ɗan fara nuna alamun gogewa, ya rubuta mini takarda zuwa sashen gashin ƙashi. Kalmar gogewar nan ta hana ni barci kwana biyu.

Wuri na farko da na je ba shi ne nake son yin magana a kai ba, amma sai na ambace shi za a gane bambancin. A can, da ka shiga za a kwantar da kai, a haska maka fitila mai zafi, a manna maka wasu 'yan faifai masu sakin ɗan lantarki, a ja labule a tafi. Bayan minti 20 a dawo a cire, a ce sai jibi. Zuwa huɗu na yi, babu wanda ya taɓa wuyana da hannu ya ji abin da ke wurin. Ɗumin yana da daɗi, ba zan yi ƙarya ba, amma kafin in isa gida dutsen ya koma mazauninsa. Na daina zuwa ba tare da na yi wa kowa sallama ba.

Wata abokiyar sana'ata ce ta ce in gwada wani wurin, inda ake aiki da hannu. Na yi zama 10 a cikin wata uku da ɗoriya, kuma yau wata bakwai da gamawa. Na jinkirta rubuta wannan ne da gangan, domin da a makon farko na rubuta, yabo ne zalla zai fito, da kuma a mako na uku ne, da zagi za ku karanta.

Zaman farko ya ɗauki kusan awa ɗaya, rabinsa kuma tambayoyi ne. Har na fara ƙosawa. Ko hannuna yana mutuwa ko yana mindirya? Ko abu yana suɓuce mini daga hannu? Ko ina jin jiri ko ganin abu biyu-biyu in na ɗaga kai? Na taɓa faɗuwa ko haɗarin mota? Ina rama ba dalili? Zazzaɓi fa? Ciwon yana tashina cikin dare? Na ce mata, "Likita, wuya ne fa kawai." Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ta cikin wuyan nan laka ta bi, da jijiyoyin da ke sarrafa hannu, da waɗanda ke kai jini ƙwaƙwalwa. Sai na tabbatar tsoka ce kafin in sa hannu." Ta gwada ƙarfin yatsuna, ta buga mini 'yar gudumar roba a gwiwar hannu, ta sa na juya kai hagu da dama tana aunawa. Hagu ya kai kusan digiri 70, abin da ake sa ran gani ke nan ko sama da haka kaɗan. Dama ya tsaya a 45.

Na miƙa mata hoton ƙashin ina jiran in ga fuskarta ta canza. Ta duba ta ajiye. Ta ce irin wannan gogewar kamar furfura ce, tana zuwa da shekaru, kuma akwai ta a wuyan mutane da yawa da ba su taɓa jin ciwo ba. Ta ba ni labarin wani bincike da aka buga a 2015, inda aka yi wa mutum 1,211 masu lafiya lau hoton MRI na wuya (hoton da ke nuna har naman cikin jiki, ba ƙashi kaɗai ba) a Japan, aka samu kusan 88 cikin 100 faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwansu ya ɗan bullo. Ban san nauyin da tsoro ya ƙara wa kafaɗata ba sai da na ji wannan maganar.

Sannan ta sa hannu. Ta kama naman da ke saman kafaɗa tsakanin babban yatsa da manuni, tana bi a hankali kamar mai neman kulli a cikin zare. Can ta tsaya a wani wuri ta matsa. Wallahi ciwon kan da nake fama da shi kowane dare, shi ne ya taso nan take, ta hanyarsa ta kullum: gefen wuya, bayan kunne, gefen ido. Na ce, "Shi ne! Shi ne wannan!" Shekara uku ina shafa man zafi a goshi, ashe mai laifin yana zaune a kafaɗa. Tsokar sunanta tirafiziyas, faffaɗa ce, ta taso daga ƙeya ta bazu kan kafaɗu ta gangara tsakiyar baya. A ƙarƙashinta akwai wata siririya da ta haɗa ƙasusuwan wuya na sama da kusurwar allon kafaɗa, aikinta ɗaga kafaɗar. Ita ce ke riƙe ni in zan waiwaya.

Daga baya na karanta cewa wata likita 'yar Amurka, Janet Travell, wadda ta kula da ciwon bayan Shugaba Kennedy, ita ce ta shahara wajen zana taswirar irin waɗannan ƙulle-ƙullen da wuraren da kowanne ke aika ciwo. Har yau masana suna jayayya a kan ainihin mene ne ƙullin, wasu ma suna cewa likita biyu ba su cika dacewa a kan wuri ɗaya ba in aka ce su nemo shi. Su ƙarata can. Ni dai an danna kafaɗata na ji a idona.

Aikin da kansa ba tausa ba ce irin wadda muka sani, ta a shafa mai a murza ko'ina har barci ya ɗauke ka. Iri huɗu take haɗawa, gwargwadon yadda ta same ni a ranar. Akwai dannawa: ta ɗora yatsa a kan ƙullin ta riƙe, ba motsi, kusan minti ɗaya, tana tambayata in an kasa zafin gida 10 nawa nake ji. Ba ta yarda ya wuce shida ko bakwai. Abin mamaki, matsin bai ragu ba amma zafin sai ya riƙa narkewa, kamar ƙanƙara a tafin hannu, har ya koma biyu. Sai ta ƙara shiga ciki kaɗan.

Akwai motsa gaɓoɓi. Ina kife, fuskata a cikin ramin gadon, ta ɗora manyan yatsunta biyu a kan ƙashin wuya ɗaya ta riƙa turawa tana saki, ƙanƙanin motsi mai kari kamar bugun zuciya. Ƙasusuwan wuya bakwai ne, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a kan waɗanda suka yi tauri, sannan ta gangara ƙashin baya na tsakanin kafaɗu. Ta ce salon wani Ba'ostiraliya ne mai suna Geoffrey Maitland, wanda ya kasa ƙarfin turawar mataki-mataki, daga mai laushi na lallashin ciwo zuwa mai zurfi na sakin tauri. Na uku shi ne wanda take sa ni in yi aiki: ta karkatar da kaina har inda ya tsaya, ta ce in tura hannunta da ɗan ƙarfi kaɗan in ƙirga biyar, in saki numfashi. Da na saki, sai kan ya ƙara tafiya inda da ya ƙi zuwa. Sau uku ko huɗu ake yi.

Na huɗun shi ne wanda nake jira kowane zuwa. Ina rigingine, ta zauna ta wajen kaina, ta tura yatsunta ƙarƙashin ƙeya daidai inda ƙoƙon kai ya haɗu da wuya, ta ce in sakar mata nauyin kaina duka. Na kasa. Sau uku tana cewa, "Har yanzu ke ce ke riƙe da shi, Hajiya, ba ni." Ranar da na iya saki, hawaye ne suka zubo mini ta gefen ido, ba na zafi ba, ban ma san na mene ne ba. Ta miƙo mini takardar goge fuska ba ta ce komai ba, abin da ya ƙara mata daraja a idona.

Na tambaye ta batun ƙarar nan da ake gani a bidiyo, a kama kan mutum a murɗe ya ce ƙas. Ta ce ƙarar ba ƙashi ne ya koma wurinsa ba, iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin ta lanƙwasa yatsu. Ta ce binciken da aka tattara bai nuna murɗewar ta fi motsawa a hankali amfani ga ciwon wuya ba, kuma ko da yake ba kasafai ba ne, an samu waɗanda jijiyar jinin wuyansu ta tsage bayan an yi musu, abin da kan iya kai wa ga shanyewar ɓarin jiki. Don haka ita ba ta yi a wuya. A tsakiyar baya ta taɓa yi mini sau ɗaya, bayan ta nemi izinina.

Washegarin zaman farko na tashi kamar an yi mini duka. Ta riga ta gaya mini za a yi haka kwana ɗaya ko biyu, in sa ɗumi in ci gaba da harkokina. A rana ta uku na farka babu dutsen. Na juya kai dama na ga ƙofar ɗaki ba tare da kafaɗata ta biyo ni ba. Na kira ƙawar tawa ina ta godiya kamar ita ta yi aikin.

Kwana uku daɗin ya yi. Na huɗu dutsen ya dawo.

Haka aka yi bayan zama na biyu, haka bayan na uku. Na shiga na huɗu a fusace, na ce mata gaskiya ni ban ga bambancin wannan da ƙwaya ba, sai dai ita ƙwaya ta fi araha kuma ba sai na rufe shago na zo ba. Ba ta musa ba. Ta ce aikin hannu shi kaɗai sauƙinsa na ɗan lokaci ne, kuma ta faɗa mini haka tun ranar farko. Da gaske ta faɗa, ni ce ban saurara ba. Sai ta ce, "Atisayen da na ba ki fa?" Na ce ina yi. Ta ce in kwanta in nuna mata. Na kwanta ina kallon silin, don ko na farkon ban tuna ba. Takardar tana cikin jakata a ninke yadda ta ba ni, mako biyu.

Ta ce, "Ke tela ce. In rigar ta matse, ni farke ɗinkin kawai nake yi. In kin koma gida kin sake bin layin da, me kike so ya canza?" Maganar ta shige ni, don da harshen sana'ata ta yi ta.

Ta kuma ba ni aikin gida: a ɗauke ni hoto ina ɗinki ba tare da na sani ba. 'Yata ta ɗauka. Da na gani ban gane kaina ba. Haɓata ta yi gaba kamar ta kunkuru, hancina ya kusa taɓa ƙafar keke, kafaɗar dama ta ɗage har tana neman kunne saboda yadda nake tura yadi. Kan babban mutum yana da nauyin kilo biyar ko kusa da haka in yana zaune daidai a kan wuya. Wani likitan tiyatar ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi a 2014 cewa in an sunkuyar da shi digiri 60, nauyin da wuya ke ɗauka ya kai kimanin kilo 27. Likitar tawa ta ce kada in riƙe lambar da ƙarfi, lissafi ne na kwamfuta, kuma sunkuyon kansa ba laifi ba ne, an halicci wuya don ya sunkuya. Matsalar ita ce awa huɗu a wuri ɗaya ba motsi.

Atisayen uku ne, duka ba su kai minti 10 ba. Na farko a kwance: in ja haɓa ciki kaɗan kamar mai cewa "to" da kai, in riƙe daƙiƙa 10, ba tare da jijiyoyin gefen wuya sun miƙe ba. Yana kama da wasa, amma a karo na shida wuyana rawa yake. Wannan na ƙananan tsokokin gaban wuya ne na can ciki, waɗanda in sun yi rauni sai na waje su karɓi aikinsu su gaji. Sauran biyun da igiyar roba ake yi: ɗaya in taka ta in ɗaga hannuwa gefe zuwa daidai kafaɗa, ɗaya in ɗaura ta a mariƙin ƙofa in ja zuwa ciki ina haɗa allunan kafaɗa. Na yi gardama a nan. Tsokar da ta riga ta gaji, a ƙara mata aiki? Ta ce tsokar da ba ta da ƙarfi ita ke saurin gajiya. A Finland an bi mata 180 ma'aikatan ofis masu daɗaɗɗen ciwon wuya har shekara ɗaya, aka buga sakamakon a 2003, waɗanda suka yi atisayen ƙarfafa wuya sun samu sauƙi sosai fiye da sauran. A Denmak kuma a 2011 an ga cewa ko minti biyu a rana da igiyar roba, kwana biyar a mako har mako 10, yana rage ciwon wuya da kafaɗa. Minti biyu. Na rasa uzuri.

A shago na ɗaga kujera da ɗan tudu, na kawo fitila kusa da allura, na kuma je gwajin ido bisa shawararta. Ashe rabin sunkuyon nan neman ganin ramin allura ne, shekaru sun zo, tabarau nake buƙata. Ƙararrawar waya ta tunatar da ni tashi ba ta yi aiki ba, kashe ta nake in ci gaba. Dabarar da ta zauna ita ce, duk lokacin da zaren ƙasa ya ƙare, kafin in naɗa wani sai na miƙe, in juya kafaɗu, in waiwaya hagu da dama.

Daga zama na shida ne abin ya fara riƙewa. Kwana uku suka zama biyar, biyar suka zama mako. Ita kuma ta riƙa ja da baya: daga sau biyu a mako zuwa sau ɗaya, zuwa bayan mako biyu, lokacin hannu yana raguwa na atisaye yana ƙaruwa. A zama na 10 ta auna, dama ya kai 65. Ta ce in tafi, in ya tashi ya wuce mako biyu bai kwanta ba in dawo. Wannan sallamar ita ce babban dalilin da ya sa na yarda da wurin. Mai son kuɗina da cewa za ta yi in riƙa zuwa duk mako har illa masha Allahu, kuma da ta faɗi haka a lokacin, da na yarda.

Ba komai ne ya yi mini ba. Ba su riƙe lokaci: sau uku na zauna jira fiye da minti 40, kuma ranar da aka makara da ni, daga lokacina ake yankewa. Takardar atisayen kwafi ce ta kwafi, hotunan sun dushe har ba a gane inda hannu yake, sai da na roƙa ta bar ni na ɗauki bidiyonta da waya. Mafi muni shi ne zama na biyar, da ba ta nan aka haɗa ni da wata ba tare da an gaya mini tun kafin in taso ba. Ita wannan ba ta karanta fayil ɗina ba, ba ta tambayi nawa nake ji cikin 10 ba, ta sa gwiwar hannu ta danne kafaɗata tana cewa sai an ji zafi ake warkewa. Na cije haƙora don kunya, na kwana huɗu da tabo da ciwon kai. Laifina a nan shi ne shirun da na yi. Da na faɗa a zama na gaba an ba ni haƙuri, ba a sake canza mini ba. Ga kuma tsada: zama 10 ba ƙaramin abu ba ne ga mai sana'ar hannu, balle in an haɗa da awannin da keke ya yi a tsaye. Da na yi atisayen tun farko, ina ganin shida sun ishe ni.

Wanda ciwonsa irin nawa ne, na tsoka, ya wuce wata uku, yana tashi da aiki yana kwanciya da hutu, zan ce ya gwada, amma ya lura da ranar farko. In ba a yi masa tambayoyi an gwada hannuwansa ba kafin a taɓa wuyan, ko aka kai zama na biyu ba a koya masa abin da zai yi a gida ba, ya nemi wani wurin. Wanda kuwa wuyansa ya sanƙare tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, ko hannunsa ke rasa ƙarfi, ko tafiyarsa ta fara tangaɗi, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko haɗari, wannan asibiti zai nufa kai tsaye, ba gadon tausa ba.

A wata na biyar bayan sallama aiki ya yi mini yawa, na yi kwana tara ina raba dare, igiyar roba tana rataye ban kalle ta ba. Dutsen ya dawo, har da ciwon gefen ido. Wannan karon ban nemi ƙwaya ba. Na sa ƙwallon tanis tsakanin bango da kafaɗa kamar yadda ta nuna mini, na nemo wurin na jingina, na koma kan atisaye, cikin kwana shida ya lafa. Har yanzu in na yi dogon yanka a tsaye kan tebur, da yamma ina jin siririyar tsokar nan tana ja, kuma waiwayen dama bai kai na hagu ba. Igiyar farko mai launin rawaya ta yi mini laushi tun tuni, yanzu koriya nake ja, tana rataye a jikin keke kusa da almakashi.